Mai gidan hayata a Guangzhou yana ƙona kuɗi da dare: asiri ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina saro kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Kwana uku ke nan mai gidan da nake haya yana fitowa bayan isha'i ya ƙona takardu masu kama da kuɗi a bakin ƙofa, ya ajiye shinkafa da awara da turaren tsinke. Na kasa barci, ga kayana sun maƙale a tashar jiragen ruwa. Wani ɗan'uwa ya ce asiri ake yi mini, in watsar da kayan da ya ajiye a bakin ƙofar, in turo kuɗi a karya. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka, babu sunanka a wannan wutar. Kana cikin wata na bakwai na kalandar gargajiyar Sinawa, wanda yakan faɗo a Agusta zuwa farkon Satumba. A imaninsu, a watan ne ake buɗe ƙofar lahira matattu su ziyarci duniya. Babbar ranar, Zhongyuan, ita ce 15 ga watan, amma mutanen kudu, irin na Guangdong, lardin da Guangzhou take, da yawa 14 suke yi.

Hidimar kashi biyu ce. Ta kakanni a cikin gida ake yinta: a jera abinci da shayi ko giya gaban allon sunayensu, a kunna turare, galibi tsinke uku. Ta bakin titi, wadda ka gani, ta fatalwa ce marasa galihu, waɗanda ba su bar zuriyar da za ta ciyar da su ba. Ana ba su shinkafa, awara, tsiron wake da 'ya'yan itace, a ƙona musu tufafin takarda da kuɗin bogi a cikin bokitin ƙarfe, don su ƙoshi su wuce. A arewacin ƙasar sukan zana da'ira da alli, su bar mata 'yar ƙofa, su ƙona rabon mamacinsu a ciki, su jefa 'yan takardu waje don masu yawo. Wato mai gidanka roƙon zaman lafiya yake wa gidan da kai ma kake kwana a ciki.

Shawarar ɗan'uwan nan ita ce abin tsoro. Abu ne mai sauƙi a ɗauki bidiyon tsohuwa a tsugune gaban wuta, a watsa a WhatsApp, a ce Sinawa suna tsafi don su danne kasuwar baƙi. Nan da nan wani ɗan tsibbu a gida ya yanka farashin karya sihiri. Sihirin me? Wane mai asiri ne zai yi aikinsa a bainar jama'a, unguwa guda, dare guda, kowa da bokitinsa? Ka leƙa layin baya, inda babu baƙo ko ɗaya, za ka tarar da toka iri ɗaya. Mai karɓar kuɗinka bai san ko sunan bikin ba. Kayanka kuwa, tuntuɓi wakilin da ya yi maka lodi, a duba takardun kwastan.

Kada ka shuri kwanon, kada ka zuba wa wutar ruwa, kada ka share tokar. A idonsa ka wulaƙanta matattu, ka kuma jawo wa iyalinsa fushinsu. Daga nan sai cacar baki, sai 'yan sanda, sai a fara tambayar fasfo da rajistar masauki, kai kuwa baƙo ne mai biza. Ba a ce ka yarda da aƙidarsu ko ka sa hannu a ciki ba. Ka riƙe addininka da azkar ɗinka, ka kewaye kayan kawai. Kada ka taka, kada ka tsinci tsabar kuɗin da aka watsa, kada ka ɗauki hoto, abincin kuma ba na ci ba ne. In hayaƙi ya dame ka, rufe taga, da safe ka roƙe shi cikin ladabi ya matsar da bokitin.

Wasu tsofaffin 'yan kasuwa ba sa son aure, tarewa a sabon gida ko buɗe shago a wannan watan, don haka in abokin hulɗa ya ɗaga wata babbar yarjejeniya, kada ka ɗauka yaudara ce. Za ka sake ganin wutar a Qingming, 4 ko 5 ga Afrilu, lokacin sharar kaburbura, wanda ya zama ranar hutu a ƙasar tun 2008, sannan a arewa ranar 1 ga wata na goma na kalandarsu ta gargajiya, da ake ƙona wa matattu tufafin sanyi na takarda.