Hukuncin barin kwatar gida a buɗe tana fantsa wa bango ruwa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, bututun da ke fitar da ruwan wanke-wanke da na wanka daga gidana yana zuba ne a kwata buɗaɗɗiya a waje. Ruwan yana fantsama a bangona da na maƙwabcina, har fentinsa ya fara ɓarewa. Wajibi ne in rufe ta? Kuma in ruwan ya taɓa tufafina, zan iya salla da su?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, da bangonka kaɗai ruwan ke taɓawa, da sai mu ce rufewa abin so ne, domin Musulunci ya hana tozarta dukiya. Amma tunda ya kai ga bangon maƙwabci, gyara ya zama wajibi a kanka, kuma kai za ka ɗauki nauyinsa, don ruwan naka ne. Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa." Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, Ibn Majah ma ya ruwaito shi, kuma a kansa malamai suka gina ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. A hadisin Bukhari kuma, Annabi (SAW) ya yi rantsuwa sau 3 cewa wanda maƙwabcinsa bai tsira daga sharrinsa ba, bai yi imani ba.

Kada ka raina fantsuwar nan. Bango yana shan danshi a hankali: fenti ya kumbura, siminti ya fara zubewa, gansakuka ta fito, daga baya danshin ya ratsa har cikin ɗakin mutane. Shirun maƙwabcinka kuma ba yarda ba ce, sau da yawa kunya ce ke hana mutum magana. Ka same shi, ka gyara abin da ya lalace ko ka nemi yafiyarsa.

Abin da shari'a ke nema shi ne cutar ta gushe, ba ta ƙayyade irin murfin ba. Shawarata, a ƙara tsawon bututun ya shiga cikin kwatar, ƙasa da murfi, tunda faɗowar ruwa daga sama ce ke kawo fantsama. Murfin kuma ya zama wanda ake iya ɗagawa a kwashe datti. In ka toshe ta da siminti gaba ɗaya, ranar da maiƙo da gashi suka cushe ta, ruwan zai tumbatsa, ɓarnar ta fi ta da.

Game da tufafi, ruwan wanke-wanke da na wanka ba najasa ba ne don kawai ya yi datti. Sai in ka tabbatar fitsari ko makamancinsa ya gauraya da shi, to sai ka wanke wurin da ya taɓa. A mazhabar Malikiyya, in kana shakkar ko abin da ya taɓa ka najasa ne, babu komai a kanka. In kuwa ka tabbatar najasa ce amma kana shakkar ko ta sami tufafin, sai ka yayyafa musu ruwa ka yi sallarka.

Allah ne Mafi sani.