Na biya ma'aikaci fiye da albashinsa bisa kuskure, zan iya riƙe kuɗinsa?

Tambaya: Ina da ma'aikata 9, ɗan yayata ne ke lissafin albashinsu. Yanzu muka gano cewa wata 7 ke nan ana tura wa mai kula da sito ƙarin kashi 20 cikin 100 bisa kuskure. Ina so in riƙe albashinsa na wata mai zuwa gaba ɗaya, don ina haɗa kuɗin buɗe reshe na biyu. Ina da wannan iko?

Amsa: Malam, kuɗin naka ne, wannan babu musu. Amma da na karanta wasiƙarka, ba kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba, wata bakwai ɗin nan ne. Sau bakwai aka fitar da albashi daga aljihunka, ba ka zauna ko sau ɗaya ka duba takardar biya ba. Ka danƙa wa yaro lissafi don jininka ne, ka juya baya. Ban ce ya ci amanarka ba, mai yiwuwa lamba ɗaya ya buga ba daidai ba, ya yi ta kwafa wata bayan wata. To wa ya kamata ya gani? Kai ne. Da bare ka ɗauka, da tun watan farko ka ce ya kawo littafi. Nauyin zumunci ne ya hana ka tambaya, shi kuma ya jawo maka asarar albashin wata ɗaya da kusan rabi.

Batun riƙe albashi gaba ɗaya kuwa, cire shi daga ranka. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 95, ta 1949, ta ce ba a cire wa ma'aikaci kuɗi daga albashi sai yadda doka ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki ta tsara, kuma kowace ƙasa da nata tsarin. A Birtaniya, dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta yarda mai aiki ya cire abin da ya biya fiye da ƙima. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta yarda da cirewa, amma na wata uku kawai kafin watan da aka gano kuskuren, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. A jihar New York ta Amurka, sai an ba ma'aikaci sanarwa tukuna, kuma idan za a cire a hankali, ba a wuce kashi 12.5 cikin 100 a kowane biya. Ka ga ke nan, a wani wurin sakacinka kaɗai ya isa ya sa kuɗin wata huɗu su fi ƙarfin cirewa daga albashi. Nemi lauyan ƙwadago ya gaya maka abin da ya shafe ka kafin ka taɓa ko sisi.

Na taɓa ba wani mai rarraba kaya shawara a kan irin wannan, bai ji ba. Ranar biya direbansa ya tsaya a bakin ofis yana ta duba waya, saƙon banki bai shigo ba, sai aka leƙo aka ce masa ai ana bin sa bashi. Mutumin bai ce uffan ba, ya ajiye makullin mota a kan tebur ya tafi. Shekara shida yana wannan aiki, shi ya san kowane abokin ciniki da lokacin da ake samunsa. Motar ta yi mako uku a ajiye, manyan masu saye biyu suka bi direban zuwa sabon wurin aikinsa. Abin da mai rarraba kayan ya rasa ya ninka albashin da ya riƙe sau da yawa, kuma har yau abin yana ba ni takaici.

Kira mai sitonka ku zauna ku biyu, ba a gaban sauran ma'aikata ba. Nuna masa takardar kowane wata, abin da ya kamata ya karɓa da abin da ya shiga. Faɗa masa a fili cewa kuskuren daga wajenku ne. Yana da haƙƙin ya ga lissafin, ya musa idan bai yarda ba, ya kuma nemi a sassauta masa. Mai yiwuwa ya ɗauka ƙarin albashi aka yi masa, ya riga ya kashe a kan iyali. Idan kuka daidaita a kan kashi 10 cikin 100 duk wata, cikin wata 14 an gama. Ku rubuta, ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, a kuma faɗi yadda za a yi da saura idan ya bar aiki.

Reshe na biyu kuma, don Allah dakata. Mutum 9 sun gagare ka sa ido, ina ga 18 a wuri biyu? Daga wannan watan, kada a tura albashin kowa sai ka kwatanta takardar biya da bayanan banki da idonka, ka sa hannu. Kuma ka koma baya ka duba na sauran mutum 8, domin hannun da ya ƙara wa wani yana iya rage wa wani, sai ka tarar kai ma ana bin ka.