Ciwon tsoka bayan haɗa simvastatin da maganin tari

Tambaya: Likita, mahaifina na shan simvastatin don rage kitsen jini. Da aka ba shi clarithromycin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) saboda tari, cinyoyinsa suka yi tsami, fitsarinsa ya koma kalar shayi. Me ya jawo?

Amsa: Malam, a dakatar da simvastatin, a kai Baba asibiti yau. Hanta ce ke sarrafa simvastatin, clarithromycin kuwa yana toshe wannan aiki, sai simvastatin ya taru a jini har tsoka ta fara rugujewa. Abin da ke fita daga tsokar ne ya rina fitsarin, kuma yana lalata ƙoda. Za a auna CK (sinadarin da ke ƙaruwa a jini in tsoka ta lalace) da aikin ƙoda, a yi masa ƙarin ruwa. Magungunan erythromycin da ƙwayar ketoconazole ma suna toshe wannan aikin hanta kamar clarithromycin. In yana shan amlodipine, maganin hawan jini, kada simvastatin ya wuce miligiram 20 a rana.