Ziyarar Majami'ar Waliyyi Antoniyo a Padua: ta ina ake farawa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko daga Venis, a ƙasar Italiya, za ki iya ziyartar majami'ar nan ki dawo rana ɗaya. Sosai ma. Jirgin ƙasa mai sauri kusan minti 30 ne zuwa Padua, a tikiti za ki ga an rubuta Padova. Daga tasha ki hau tiram, wato ƙaramin jirgin da ke zirga-zirga a cikin gari, ki sauka a zangon "Santo". Haka mutanen gari ke kiran wurin, Il Santo. Kada ki tambayi babban cocin gari, za a nuna miki Duomo, shi kuwa wani gini ne daban.

Antoniyo ɗan Lisbon ne, ya rasu ranar 13 ga Yuni 1231, aka fara ginin a 1232. Shiga kyauta ne, amma sai kafaɗa da gwiwa a rufe, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki.

Kabarin yana hannun hagu. Masu ziyara na bin layi su zagaya bayansa, kowa ya ɗora tafin hannu kan dutsen marmara ya yi addu'a ya wuce. Gefe kuwa cike yake da hotuna da takardun godiya. Daga nan ki wuce bayan bagade, ɗakin da aka ajiye harshensa, wanda aka tarar bai ruɓe ba da aka buɗe akwatin gawarsa a 1263. Ɗakin yana rufewa kafin majami'ar, don haka ki je da safe.

Ranar 13 ga Yuni kuwa, da ake jerin gwanon tunawa da rasuwarsa, ba masaka tsinke. In ba jerin gwanon kike so ba, zaɓi wata rana.