Ina Kan Gaba Da Farko, Amma A Ƙarshe Ni Ke Shan Kaye A Through the Ages

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne muke buga Through the Ages, wasan allo da katuna na gina ƙasa zamani bayan zamani, bugun 2015. Kusan kullum ni ne kan gaba a makin al'ada har tsakiyar wasa, domin tun da wuri nake gina wuraren ibada. Amma da an shiga zamani na uku sai abokaina su yi mini fintinkau, wani lokaci ma su kawo mini yaƙi su kwashe abin da na tara. Ina kuskuren yake, kuma yaya ya kamata in buɗe wasan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka riga ka faɗi ciwon da bakinka. Gaskiya ne da makin al'ada ake cin wannan wasa, amma Vlaada Chvátil, wanda ya ƙirƙiro shi a 2006, ya tsara shi ta yadda maki ke da tsada da farko, su yi arha a ƙarshe. Kai kuwa kana saye ne a lokacin tsada.

Bari mu yi lissafi. Wurin ibada ɗaya yana cin ma'adini 3 da ma'aikaci ɗaya, ya ba ka maki 1 duk zagaye. Gidan silima ɗaya a zamani na uku maki 4 yake bayarwa, da ma'aikaci ɗaya tak. Wanda ya isa can da ilimi da ma'adini a hannu zai jera uku ko huɗu cikin ɗan lokaci, ya cike tazarar da ka yi rabin wasa kana tarawa. Shi ya sa ganin kanka a gaba a zamani na ɗaya kada ya ruɗe ka.

Kana farawa da gona 2, mahaƙar tagulla 2, ɗakin nazari 1, mayaƙi 1, da ma'aikaci ɗaya da ke zaune ba aiki. Gwamnatinka ta kama-karya ce, tana ba ka fararen ƙwayoyi 4 na ayyukan mulki da jajaye 2 na soja. A zagayen farko kati kawai ake ɗauka. A na biyu, ma'adini 2 da suka shigo maka ka gina mahaƙa ta uku da su, abinci 2 kuma ka ƙara mutum. A na uku kana da ma'adini 3, daidai kuɗin ɗakin nazari na biyu. Ni wannan ce buɗewar da na fi yarda da ita, domin wanda ya daɗe yana samun ilimi 1 duk zagaye zai zuba ido katunan kirki suna wuce shi.

Abin da ya fi komai ƙaranci a wasan nan shi ne farar ƙwaya, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Ɗaukar kati, gini, ƙara mutum, naɗa shugaba, duk ita suke ci. Yawanta ne ma ke ƙayyade katunan da za ka iya riƙewa a hannu. Don haka duk abin da zai ƙara maka ita da wuri, ka ba shi muhimmanci: Dalar Masar, wadda ake ginawa a matakai uku da ma'adini 6 gaba ɗaya, Kundin Dokoki mai cin ilimi 6, ko sauya gwamnati zuwa Sarauta, wadda ke kai ka farare 5 da jajaye 3. Sarautar tana cin ilimi 8 idan an sauya cikin lumana. Ta juyin juya hali ilimi 2 ne kawai, sai dai za ka rasa duk ayyukan mulkinka na wannan zagayen. Na sha ganin mutum ya ji tsoron asarar zagaye guda, ya zauna da ƙwayoyi 4 har zamani na biyu, yana kallon abokan wasa suna yin abu shida shi yana yin huɗu.

Ka kuma lura da layin katuna. Guda 13 ne: biyar na farko ƙwaya ɗaya, huɗu na tsakiya biyu, huɗu na ƙarshe uku. Tun da ku uku ne, kati biyu ke faɗuwa daga gaban layi duk lokacin da wasa ya koma hannun wani. A ce katin Ƙarfe, mai ninka abin da mahaƙa ke bayarwa, ya fito a wuri mai ƙwaya uku, kana da huɗu kacal. Kafin ka miƙa hannu, leƙa allon abokanka. Idan babu mai buƙatarsa a cikinsu, bar shi ya gangaro. Idan kuwa na kusa da kai har yanzu tagulla yake haƙa, kuma ga ilimi 5 a ajiye gabansa, to ka biya ukun, don ba zai dawo gare ka ba. Ƙarfen ya cancanci haka. Ilimi 5 ne buɗe shi, ma'adini 3 ɗaga kowace mahaƙa. Mahaƙa uku sun ci 9, abin da kake samu ya tashi daga 3 zuwa 6, cikin zagaye uku kuɗinka ya dawo. Alkimiyya ma haka take yi wa ɗakin nazari. Ban ce sai ka samu duka ba, wasan ba ya bari. Amma a fita zamani na ɗaya ba Ƙarfe, ba Alkimiyya, ba ƙarin ƙwaya, wannan rauni ne mai wuyar warkewa.

Shugaban farko kuwa, ka zaɓi wanda zai tura ka gaba yanzu-yanzu, kamar Aristotal mai ba ka ilimi 1 duk sanda ka ɗauki katin fasaha. Da ƙarewar zamani na ɗaya zai tafi, kada ka ɗora dukkan shirinka a kansa.

Sai maganar yaƙin da ake kawo maka, wadda ita ta fi damuna a tambayarka. Ba dole ne ka fi kowa ƙarfi ba. Abin gudu shi ne ka zama mafi rauni da tazara mai faɗi. Da yawa daga cikin katunan aukuwa, wato katunan soja da ake zubawa a buɗe su daga baya su shafi kowa, suna saka wa mai ƙarfi, su hukunta mai rauni, kuma abokanka su ne ke zuba su a tari, sun san abin da ke tafe. A zamani na uku akwai Yaƙin Al'ada: wanda ya yi nasara yana karɓar maki 5 haɗe da bambancin ƙarfin da ke tsakaninku. Idan an fi ka da 15, maki 20 sun bar ka sun koma wurinsa, tazara ta zama 40 a bugu ɗaya. Wuraren ibadarka nawa ne za su biya wannan? Saboda haka tun a zamani na ɗaya ka nemi katin Barade ko na Masu Takobi, ka sami katin dabarun yaƙi da ya dace da su. Jajayen ƙwayoyin da ba ka taɓa ba ma ba asara ba ne, su ke jawo maka katunan soja, har uku a zagaye, cikinsu akwai na kariya.

Kada ka ce na hana ka wurin ibada. Yayin da jama'a ke ƙaruwa ana buƙatar fuskokin farin ciki, in babu su a yi maka bore, zagayen nan ba ka girbi komai ba. Ka gina shi lokacin da wannan buƙata ta zo, makin da ya biyo baya riba ce. Ka tuna kuma a ƙarshen zamani na ɗaya za a cire maka ƙwayoyi rawaya 2 daga waɗanda kake ƙara mutum da su, kuɗin ƙara mutum da cin abinci su iya tashi lokaci guda. Tara ma'adini ma ba dabara ba ce, da ya yi yawa almundahana za ta fara cin 2 daga cikinsa duk zagaye.

Yaushe za ka juya zuwa maki? Ni nakan fara ne daga tsakiyar zamani na biyu, bayan na ga fararen ƙwayoyina sun kai shida, kuma babu wanda zai iya taka ni da soja. Daga nan duk ginin da zan yi sai na ƙirga zagaye nawa suka rage masa ya biya kansa. Katunan aukuwa na zamani na uku da aka zuba, duk waɗanda ba a buɗe ba ana lissafa su a ƙarshen wasa. Idan ka ja wanda ke saka wa ilimi kuma kai ne gaba a ilimi, ka zuba shi. Wanda zai amfani abokin hamayyarka kuwa ka riƙe shi a hannu har wasa ya tashi.