Ku Tambayi Anti Mai Lambu: Shukar Ƙarshen Hunturu da Musayar Iri

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke. Sanyi ya fara sassautawa, rana ta fara daɗewa kafin ta faɗi, hannun masu lambu kuma ya fara ƙaiƙayi. Na zaɓi guda uku.

TAMBAYA: Anti, inda nake zaune ana dusar ƙanƙara. Bara na shuka tumatir da tattasai a ƙananan kofuna a bakin taga tun farkon Fabrairu. Sun fito da kyau, amma sai suka yi tsawo sirara kamar zare, suka langaɓe, rabinsu suka mutu kafin in kai su waje. A ina na kuskure? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ƙanwata, sauri ne ya haifi nawa. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko: kofuna 40 na jera, har ina kiran mutanen gida su zo su gani, ƙarshe guda 6 ne suka ga ƙasar lambu.

Kuskuren farko shi ne lokaci. Kafin ki buɗe takardar iri, nemi sanin ranar da aka saba ganin raɓa mai daskarewa ta ƙarshe a yankinki. Masu hasashen yanayi suna da ita, tsofaffin masu lambu ma sun haddace ta. Daga wannan ranar sai ki ƙirga baya. Tumatir na buƙatar mako 6 zuwa 8 a cikin ɗaki, tattasai da barkono da yalo mako 8 zuwa 10, albasa kuwa mako 10 zuwa 12. Idan, misali, ranar ta faɗo tsakiyar Mayu, to albasa ce kawai ke da hurumin shiga ƙasa a ƙarshen Fabrairu. Tattasai sai Maris ya kama, tumatir kuma sai wajen ƙarshen Maris. A wannan lissafin, ke kin tsare tumatirinki a kofi fiye da wata uku. Kokwamba da kabewa mako 3 zuwa 4 ya ishe su, ba sa ma son a taɓa musu saiwa. Karas kada ki wahalar da kanki, kai tsaye ake shuka shi a lambu.

Na biyu, haske. Tsawon nan da kika ga sun yi, neman rana suke. Hasken taga a ƙarshen hunturu gajere ne kuma ba shi da ƙarfi, ga ɗumin ɗaki yana ingiza su su yi ta miƙewa. Abin da ya raba ni da wannan matsalar shi ne doguwar fitila irin ta LED, ba sai mai tsada ba. Ina rataye ta kamar santimita 5 zuwa 10 a saman ganye, in kunna ta awa 14 zuwa 16 a yini, in riƙa ɗaga ta suna girma. Ki kuma lura cewa zafin da ƙwayar iri ke so kafin ta tsiro ya fi wanda tsiron ke so bayan ya fito. Tumatir na fitowa cikin mako guda idan ƙasar na da ɗumin digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyos. Barkono ya fi shi son zafi, kuma yana iya shafe mako 2 ko 3 bai leƙo ba, don haka kada ki zubar da kofinsa da wuri. Da zarar sun fito, ki matsar da su wuri mai ɗan sanyi, wajen digiri 18, a ƙarƙashin fitila. Tsiron da ya samu haske da yawa da ɗumi kaɗan gajere yake fitowa, mai kaurin kara.

Waɗanda suka mutu kuwa, ina zargin ruɓewar gindi ce. Idan kin ga karan ya tsuke daidai bakin ƙasa, ya yi laushi, tsiron ya kife dare ɗaya, ita ce. Ƙwayoyin cuta ne irin su Pythium da Rhizoctonia, masu son ƙasa jiƙaƙƙiya mai sanyi inda iska ba ta motsi. Wanda ta kama ba ya tashi, sai dai a kare sauran. Ki huda gindin kowane kofi, ki wanke tsofaffi da sabulu, ki yi amfani da ƙasar reno mai sauƙi maimakon ta lambu, wadda ke danƙarewa a kofi. Ban ruwa kuma daga ƙasa: ki zuba ruwa a faranti, ki ɗora kofunan su sha, ki zubar da ragowar. Yawancin tsiron da na kashe a rayuwata, da kulawa na kashe su, ina bi da buta safe da yamma.

Idan bana ma tumatir ya yi miki tsawo, akwai dabara. Lokacin dashe ki binne karan har zuwa ganyen ƙasa, zai fitar da sababbin saiwoyi a jikinsa. Kuma kada ki ɗauke su daga ɗaki ki dasa rana ɗaya. Ki saba musu da waje cikin kwana 7 zuwa 10: awa ɗaya ko biyu a inuwa ranar farko, kullum ana ƙarawa, har su iya kwana a waje.

TAMBAYA: Hajiya, mu 8 ne muke musayar iri a tsakaninmu duk shekara. Bara wani ya ba ni irin tumatir da ya cire daga nasa, manya jajaye masu kyau, amma da na shuka sai kowane gindi ya haifi kalarsa, wasu ƙanana, wasu ba daɗi. Kabewar da na karɓa ma haka. Yaudarata aka yi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, kada ka ɓata da abokinka, da wuya ya san abin da ya ba ka. Kama da wane ba ta wane. Ka tambaye shi takardar da irinsa na asali ya zo a ciki. Ina kyautata zaton an rubuta F1 a jiki. Wannan alamar tana nufin iri ne na aure, an haɗa iyaye biyu daban aka samu ƴaƴa masu kama ɗaya. Su ƴaƴan farko suna da kyau, amma jikoki sai halayen kakanni su rarrabu a cikinsu, wani ya ɗauko wannan, wani wancan. Abin da Gregor Mendel, masanin gadon halitta, ya gano ke nan a gwajin da ya yi a lambunsa, ya wallafa a 1866. Irin da ya dace da adanawa da rabawa shi ne wanda ba na aure ba, wanda ke maimaita kansa shekara bayan shekara.

Matsalar kabewa daban ce. Furenta namiji daban, mace daban, ƙudan zuma ne ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, kuma ba ya tambayar lambun wa ya shiga. Idan akwai wata kabewar danginta a kusa, sun haɗu ke nan, ba kuma za a gane ba sai an shuka ƙwayar baɗi. Masara ma haka, ita iska ce ke yi mata. Shi ya sa nake ba sababbin masu adana iri shawarar su fara da tumatir, wake da latas, domin furensu yakan wadatar da kansa.

Ƙungiyarku ta burge ni. Seed Savers Exchange ta Amurka, wadda aka kafa a 1975 a kan wannan aikin, da ƴan mutane kaɗan ta fara. Abu ɗaya zan roƙe ku: kada wanda ya miƙa ƙullin iri babu rubutu. Sunan irin, shekarar da aka cire shi, ko na aure ne, da abin da aka shuka kusa da shi. Ina da kwalba guda da aka ba ni an rubuta "barkono mai kyau" kawai, shekara uku ina kallonta ban san gadon lambun da zan ba ta ba. Kuma kada a cire iri daga gindin da ya yi ciwo, domin wasu cututtukan tumatir da wake a jikin ƙwayar suke tafiya. Idan musayar za ta tsallaka iyakar ƙasa, a fara bincika doka, ƙasashe da yawa suna neman takardar shaidar lafiyar tsirrai.

TAMBAYA: Anti, ina da ragowar iri na shekara 3 a cikin gwangwani. In zubar ne ko in shuka? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Ƴata, ya danganta da irin. Albasa ba ta wuce shekara 1 zuwa 2, barkono 2 zuwa 3, tumatir da kokwamba kuwa sukan kai 4 zuwa 5 idan sun zauna a bushe cikin sanyi. Laima da zafi ne ke cinye ran iri, shi ya sa babban rumbun iri na Svalbard a Norway, wanda aka buɗe a 2008, yake ajiye nasa a digiri 18 ƙasa da sifili. Ke kwalba mai murfi a wuri mai duhu ta ishe ki.

Gani ya kori ji. Ɗauki ƙwaya 10 daga kowane iri, ki naɗe a tsumma mai danshi, ki sa a leda, ki ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan mako 1 zuwa 2 ki buɗe ki ƙirga. Idan 8 sun tsiro, shuka kamar sabo. Idan 5 ne, ki riƙa sa ƙwaya biyu ko uku a kowane rami. Idan bai kai 3 ba, ki nemi sabo, kuma kada ki kai shi wurin musaya.