Amsa ga mai neman zaɓi tsakanin BMW 328i, Audi A4 da mota mai buɗaɗɗen rufi

Assalamu alaikum Malam. Ka ce kana zaune a Kano, dillali ya nuna maka BMW 328i ƙirar 2013 da Audi A4 ƙirar 2010, dukansu masu turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi, kuma ranka yana kan wata Audi A5 wadda ake naɗe rufinta. Na daɗe ina hawan irin waɗannan motoci, kuma shawarata ita ce ka fara tambayar wane inji ne a ciki da shekarar da aka ƙera shi, kafin ka dubi fenti ko kujeru.

Ita 328i ta 2013 tana ɗauke da injin N20, mai silinda huɗu da lita biyu, ƙarfinsa kimanin doki 240, kuma giyarta mai hawa takwas ta kamfanin ZF tana da ƙarko ƙwarai. Matsalarta tana wajen sarƙar taimin, wato sarƙar da ke daidaita motsin bawul da fistin a cikin inji, domin robar da ke riƙe sarƙar a waɗanda aka ƙera kafin 2015 takan farfashe, in kuwa sarƙar ta yi tsalle, injin ya tafi gaba ɗaya. Ka sa a tayar maka da ita da sassafe tana sanyi, ka buɗe bonet ka saurara. Idan ka ji wani siririn kuka yana ƙaruwa yayin da ake taka totur, to ka janye. Famfon ruwanta kuma na lantarki ne, yakan mutu ba sallama, ni ma ya taɓa tsayar da ni a hanyar Zariya da tsakar rana.

Audi A4 ta 2009 zuwa 2011 kuwa an san injinta na 2.0 TFSI da shan baƙin mai saboda ringin fistin, gyaran kuma sai an sauke inji. Ban ba ka shawarar ta ba, sai dai in akwai takardar da ke nuna an riga an canza fistin ɗin.

Game da mai buɗaɗɗen rufi, gaskiya ba motar garinmu ba ce. Rufin A5 na yadi ne, zafin watan Afrilu yana busar da robobin gefensa, ƙurar hunturu tana shiga mahaɗansa, da damina ta sauka sai ka tarar da ruwa a ƙarƙashin kafet inda wayoyi suke bi. Lokacin da za ka ji daɗin buɗe shi bai wuce 'yan darare a shekara ba.

In aljihunka zai iya, ka ƙara kuɗi ka nemi BMW 330i mai injin B48 wanda ya gaji N20, ko Mercedes C300 daga 2015. Kowacce ka ɗauka, ka tuna an ƙera su ne don fetur mai daraja sama da wanda yawancin gidajen manmu ke sayarwa, don haka ka guji na bumburutu, ka riƙa juye baƙin mai irin wanda ake kira synthetic mai inganci a duk kilomita 7,000 ko ƙasa da haka, kada kuma ka kashe inji nan take bayan doguwar tafiya, ka bar turbo ta huce. Kafin ka biya, ka binciki lambar shasi a intanet, domin da yawa daga cikin na Kwatano da Legas motocin gwanjon hatsari ko ambaliya ne daga Amurka, sannan ka kai ta wurin makaniken da ke da kwamfutar gwajin motocin Jamus ya ɗaga ta ya duba ƙasanta.